Ciwo Ɗaya, Suna Huɗu

Ina gaishe da masu sauraronmu na cikin garin Birnin Gwari, da na Kuyello, da Dogon Dawa, da Damari, da Randagi, da Kakangi, da Tabanni, da Gayam, har da na rugage da ƙauyukan bakin dajin Kamuku da ke kama mu a ƙaramar rediyo. Iyayenmu mata da ke kan aikin gida, sannunku da ƙoƙari. Yau a kan ciwon kai za mu tattauna, sai dai ta wata fuska da ba a cika tsayawa a kanta ba: me ya sa mutum ɗaya zai kai ciwon kai ɗaya gaban ma'aikatan lafiya huɗu, kowa ya kira shi da sunansa daban?

A ce ga wata baiwar Allah, shekarunta talatin da 'yan kai, tana zaune a wani ƙauye na gabashin Birnin Gwari. Tun tana budurwa kai ke sara mata, kamar sau biyu ko uku a wata. In ya taso sai ta shige ɗaki ta sauke labule, ta ɗaure kan da ɗankwali tamau, ko kukan yara ba ta son ji, wani lokaci har da amai. Ta aika kemis, mai kemis ya ce maleriya ce, ya ƙulla mata ƙwayoyi. Da abin ya dawo ta je ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce taifot. Wata rana ciwon na kanta aka ɗaura mata abin awo a hannu, aka ga jinin ya ɗan ɗaga, aka ce ai hawan jini ne. Wani kuma ya ce ido ne, ta nemi tabarau. A gida kuwa an fara raɗe-raɗin ko iska ce, ko sammu. Kowane suna da kuɗinsa, kowane suna da maganinsa, kan kuma yana nan yana sara. Wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne, da wuya a rasa irinta a zuri'a.

Kada wani ya ɗauka zagin ma'aikatanmu na zo yi. Mutanen da suka tsaya suna duba marasa lafiya a shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, da yawan ƙananan asibitocin ƙauye suka koma kufai, sun cancanci addu'a. Matsalar tana cikin yanayin ciwon kansa. Maleriya ana ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 a ga layi. Karaya ana ɗaukar hoto a gan ta. Amma mafi yawan ciwon kai ba ya fita a jini, ba ya fita a hoto. Ko an kai mutum babban asibiti an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, lafiya lau za a gan ta, alhali shi ya san azabar da yake sha. Abin da likita yake da shi kawai shi ne bakin marar lafiya da tambayoyin da shi ya iya yi. In tambayar ta bambanta, amsa za ta bambanta, suna ma zai bambanta.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Turai da Amurka ma likitoci sun daɗe bakinsu bai haɗu ba. A 1962 wani kwamiti a Amurka ya fitar da jerin ire-iren ciwon kai, amma bayanin nasa cike yake da kalmomi irin su “sau da yawa” da “wani lokaci”, kowane likita yana fassara su yadda ya fahimta. Abin da wannan asibiti zai kira ciwon ɓarin kai, wancan zai kira shi ciwon gajiya, har ta kai ba a iya gwada sakamakon bincike na wannan ƙasa da na waccan. Sai a 1988 Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Duniya ta fitar da kundin ƙa'idoji, ƙarƙashin jagorancin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Denmak, Farfesa Jes Olesen. An sabunta kundin a 2004, aka sake sabunta shi a 2018, kuma a yau yana ɗauke da nau'in ciwon kai sama da 200. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne ƙidaya. Ya daina cewa “sau da yawa”, ya koma cewa sau nawa, awa nawa, alama nawa cikin nawa.

Ku da ke auna masara a kasuwa kun fi kowa gane wannan. In kowane mai saye zai zo da tiyarsa, wannan babba wancan ƙarama, buhu ɗaya zai iya zama tiya 35 a hannun wani, ya zama 45 a hannun wani, rigima kuma ba ta ƙarewa. Kundin nan tiya ɗaya ce aka ajiye wa masu duba ciwon kai na duniya baki ɗaya, domin abin da aka auna a asibitin koyarwa na Shika ya zo daidai da abin da aka auna a Birnin Gwari.

To mene ne a cikinsa? Kashi biyu manya ya fara yi. Akwai ciwon kan da shi kansa ne cutar, ba wani abu a bayansa. Akwai kuma wanda saƙo ne daga wata cuta daban, kamar zazzaɓi, ko sanƙarau, ko bugun da aka samu a ka. Mu fara da na farko, tunda shi ya fi yawa, kuma a nan ne baki ya fi rabuwa.

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, ba a yanke wa mutum shi don ya yi ciwo sau ɗaya. Ƙa'ida ta ce sai ya taso aƙalla sau 5, kuma kowane tashi yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Sai a nemi biyu daga cikin halaye huɗu: yana kama gefe ɗaya, yana bugawa kamar bugun zuciya, yana da ƙarfin da zai hana aiki, kuma motsi irin na tafiya ko surfe yana ƙara shi. Bayan haka sai a sami ɗaya daga cikin biyu: ko dai tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske tare da ƙin ƙara. Ku lura, biyu daga cikin huɗu aka ce. Ke nan mutum zai iya jin ciwon a kai gaba ɗaya kuma ya zama shi ne, musamman yara. Da yawa daga cikin kuskuren da ake yi daga nan yake fitowa, a ce tunda ba gefe ɗaya ba ne to ba shi ba ne. Wasu masu wannan ciwo, kafin kan ya fara, sukan ga walƙiya ko zane-zane masu ƙyalli a idonsu, ko wani sashe na gani ya ɗauke, na minti 5 zuwa awa ɗaya, sannan ya washe. A garuruwanmu wannan alamar ce ke sa a ce gamo aka yi. Abu ne da aka san shi, yana da suna da lamba a kundin. Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, yakan bi jini a zuri'a, kuma ga mata da yawa yana tasowa ne dab da al'ada.

Yanzu ku koma kan baiwar Allahn can. Tun tana budurwa, sau biyu ko uku a wata, yini guda ko biyu, ba ta iya aiki, ga amai, ga gudun haske da ƙara, kuma tsakanin tashi da tashi garau take. Da mutum huɗun nan sun yi mata waɗannan tambayoyi, da suna ɗaya za su kira.

Nau'i na biyu a cikin wannan kashi na farko, ciwon gajiya, shi ne wanda kusan kowa ya taɓa yi: kai ya yi nauyi, kamar an ɗaure shi da igiya ta ko'ina, ba bugawa, ba amai, kuma mutum yana iya ci gaba da nomansa ko cinikinsa. Yakan ɗauki minti 30, yakan kuma kai kwana 7. Gajiya, damuwa da rashin barci su ne abokan tafiyarsa. Mutanen da suka yi shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe, wasu ma a daji ko a makaranta suka kwana, wasu an ɗauke musu ɗa ko miji, ba sai an yi musu dogon bayani a kan wannan ba.

Na uku ba shi da yawa, amma duk wanda ya gan shi ba ya mantawa. Ya fi kama maza. Azaba ce a kewayen ido ɗaya, idon ya yi ja yana zubar da hawaye, hancin gefen ya toshe, na minti 15 zuwa awa 3, kuma yakan dawo kullum a lokaci ɗaya har makonni, sannan ya ɓace watanni. Mai ciwon ɓarin kai kwanciya yake nema, shi wannan ba ya iya zama, sai kai-komo. Sau da yawa ciwon ido ko na haƙori ake ɗaukarsa, alhali shaƙar iskar oksijin a asibiti tana daga cikin abubuwan da ke kwantar da shi.

Wani zai ce, to da aka kafa ƙa'idar, bakin likitocin ya haɗu? An gwada. A 1994 wasu masana a Italiya suka ɗauki hirar da aka yi da marasa lafiya sama da 100 a bidiyo, duka da jerin tambayoyi iri ɗaya, suka ba ƙwararrun likitoci huɗu, kowa ya kalla shi kaɗai ya rubuta abin da ya gani. Ba ƙirga sau nawa suka dace kawai aka yi ba, domin dacewa tana iya zuwa bisa sa'a. Mutum biyu da ke ce wa kowa maleriya kullum bakinsu ɗaya ne, amma wannan ba ilimi ba ne. Saboda haka aka yi amfani da wani ma'auni mai suna kappa, wanda Jacob Cohen ya fitar a 1960, mai cire rabon sa'a: sifili na nufin dace ne kurum, ɗaya na nufin cikakkiyar yarjejeniya. A wajen gane babban gidan da ciwon yake, likitocin sun sami 0.74. Da aka shiga rarrabe ƙananan rassa, sai ya sauko 0.65. Abu biyu na ɗauka daga nan. Ƙa'idar tana aiki. Amma ko ƙwararru huɗu, suna sauraren magana ɗaya daga baki ɗaya, ba su zama ɗaya ɗari bisa ɗari ba. To ina ga inda kowa tambayarsa daban, layi ya yi tsawo, mai duba mutane shi kaɗai ne, kuma maigida ne ke amsawa a madadin matarsa?

Wannan na ƙarshen ina roƙon mazaje su saurara. Malamin asibiti ya ce, “Inna, yaya kan yake miki, bugawa yake ko matsewa?” Kafin ta buɗe baki, wanda ya kawo ta ya ce, “Ciwon kai ne dai, likita, a ba ta magani mai ƙarfi.” An rufe ƙofar gane ciwon ke nan. Ita kaɗai ta san ko haske yana damunta, ita kaɗai ta san ko yana zuwa da al'ada, kuma ba za ta faɗi wannan a gaban suruki ko ƙanin miji ba. A ba ta wuri ta yi magana.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata a sani: wani lokacin rabuwar baki ba kuskure ba ce. Mutum ɗaya zai iya zama da nau'i biyu, yau wannan ya taso, jibi wancan. Kundin ma ya tanadi gurbin da likita zai rubuta cewa ana kyautata zaton ciwon ɓarin kai ne amma sharaɗi ɗaya bai cika ba. Likitan da ya ce maka, “Ban yanke ba tukuna, ka dawo bayan wata ɗaya da lissafin ranakun,” ya fi kusa da daidai fiye da wanda ya yanke kafin ka gama zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2011, ta ce a matsakaici awa 4 kacal ake warewa don koyar da ciwon kai a dukan karatun ɗalibin likita, kuma masu ciwon ɓarin kai da aka taɓa gane musu ciwonsu a asibiti ba su wuce kashi 40 cikin 100 ba. Wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya, har da ƙasashen da likita ke kusa da kowa.

Bari in taɓo sunayen nan uku da muka fi saurin kira. Maleriya tana sa ciwon kai, babu musu, kuma tana kisa. Amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganinta. Ciwon kan da ke zuwa yana tafiya shekara goma ba tare da zazzaɓi ba, ba maleriya ba ce. Gwajin taifot da ake kira Widal kuwa tsoho ne, tun 1896 ake da shi, kuma a ƙasa irin tamu yakan nuna alama a jinin mutumin da ba ya ɗauke da cutar a lokacin, don haka shi kaɗai ba ya isa hujja. Hawan jini shi ne ya fi ba mutane mamaki. Yawancin masu shi ba sa jin komai a kansu, shi ya sa yake yi wa mutane kisan mummuƙe. Kundin bai yarda a jingina ciwon kai ga hawan jini ba sai awon ya haura sosai, na sama ya kai 180 ko na ƙasa ya kai 120. Zafin ciwo kansa yana ɗaga awo na ɗan lokaci. Saboda haka a sake aunawa ranar da kan ya lafa. Wanda kuma aka tabbatar yana da hawan jini, kada ya ce sai kansa ya yi ciwo zai sha magani.

Yanzu ga nau'in da ya fi ɓuya, kuma a ganina ya fi yawa a tsakaninmu fiye da yadda muke zato: ciwon kan da maganin ciwon kai ke haifarwa. Mai ciwon ɓarin kai ko na gajiya ya saba da aika yaro kemis ko wurin mai tallar magani a tire. Tun yana sha sau ɗaya a mako, har ya koma kullum. Ƙa'ida ta ce in kai yana ciwo kwana 15 ko fiye a wata, kuma mutum ya wuce wata 3 yana shan farasitamol ko ibuprofen ko asfirin kwana 15 a wata, to maganin ya shiga cikin masu laifi. In tramadol ne, ko kodin, ko ƙwayoyi da garin maganin da aka haɗa da sinadarin kafeyin, kwana 10 a wata ya isa. Irin wannan mutum da ciwon yake farkawa da asuba, ya sha, ya lafa, la'asar ya dawo. In ba a tambaye shi kwana nawa yake shan magani ba, ƙarin magani za a rubuta masa. Rahoton 2011 ɗin nan ya ce ɗaya cikin goma ne kawai na masu wannan matsala ake ganewa. Mafitar ita ce janye maganin a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, da haƙurin kwanakin farko masu wuya. Masu yawan tashin ciwon ɓarin kai kuma akwai magungunan riga-kafi masu sauƙin kuɗi da ake sha kullum, amma likita ne zai zaɓa, domin wanda ya dace da wani yana iya cutar da mai asma ko mai juna biyu.

Ko ciwon kan farkon azumi yana cikin kundin, har gida biyu: na daɗewa ba a ci abinci ba, da na yanke kafeyin farat ɗaya. Dattijon da goro ba ya barin bakinsa, da matashin da ya saba da shayi mai kauri, in suka fara ragewa tun cikin Sha'aban, za su ga bambanci.

Akwai inda ba na son bakin kowa ya rabu ko kaɗan, daga mai kemis har babban likita har mai gida, domin nan rai ne a kan layi. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa zafin bazara, sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, ta 2017 kuma a Zamfara maƙwabciyarmu ta fara. Mai ciki da ta haura wata biyar, ko mai jego, ta ce kanta yana sara, idonta yana dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura: a auna jininta a ranar, kafin jijjiga ta zo. Ciwon da ya faɗo wa mutum farat ɗaya, cikin minti ɗaya ya kai ƙarshen azaba, irin wanda bai taɓa ji ba, yana iya zama jini ne ya fashe a ka. Haka wanda ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko ruɗewa, ko farfaɗiya. Haka sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. Wanda ya faɗi daga babur, ko aka buge shi da gindin bindiga, ya tashi kamar ba komai, sannan bayan makonni kan ya riƙa ƙaruwa yana yawan barci yana mantuwa, jini ne kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma aiki yana ceto shi in an kai shi da wuri. In kuma mutanen ɗaki ɗaya duka suka tashi da ciwon kai da jiri, a duba janareta ko gawayin da aka kwana da shi, a fito da kowa waje. Masu aikin zinariya, ku faɗa wa likita sana'arku ko bai tambaya ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga dakan dutsen zinariya a cikin gida ta fito, kuma ciwon kai da ciwon ciki suna cikin alamunta. Duk waɗannan babban asibitin gari za a nufa ba tare da jira ba, in ya so su tura Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan ƙananan asibitoci, nas-nas da jami'an lafiyar al'umma: ba a ce ku haddace nau'i 200 ba. Ku fara da kawar da alamun haɗarin nan. Sannan ku yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a jere iri ɗaya: tun yaushe, kwana nawa a wata, awa nawa yake yi, ina yake kamawa, yaya yake ji, me ke zuwa tare da shi, kwana nawa ake shan magani. In kun rubuta su a kwali kun manna a bango, wanda ya karɓe ku aiki ma zai bi. A kati kuma a daina rubuta “ciwon kai” kawai. A rubuta abin da aka ji da sunan da ake zato, domin marar lafiyar nan wata mai zuwa wataƙila a Funtuwa ko Kaduna za a gan shi, kuma katin ne kaɗai zai yi magana a madadinku.

Ku kuma masu fama da ciwon, akwai aikin da babu mai yi muku. Ku sami kalanda ko bayan littafin yaro. Duk ranar da kan ya yi ciwo a ja layi, in an sha magani a yi ɗigo a gefensa, mata su sa alama a ranakun al'ada. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, wanda ba ya ko ɗaya ya ajiye kwano biyu, yana jefa ƙwayar masara a ɗaya ranar ciwo, a ɗayan ranar shan magani. Bayan wata ɗaya ko biyu a tafi da lissafin, a haɗa da kwalayen duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya, da tsofaffin katunan asibiti. In hali ya yi, a riƙa komawa wurin mutum ɗaya maimakon sauya hannu kowane tashi. In ya faɗi sunan ciwon, a tambaye shi cikin ladabi, “Malam, wace alama ce ta nuna maka haka?” a kuma roƙe shi ya rubuta a kati.

Lokacinmu ya cika. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.